Jijiyar Wuyan Dooshima

Talata, 9 ga Yuli, 5:40 na yamma

Na wanke hannuna sau uku, har yanzu ƙarnin jini nake ji. Ina ofishin likitoci, na murza makulli. Azahar da la'asar sai yanzu na haɗa su.

Dooshima Iorwuese. Shekara talatin da takwas, 'ya'ya huɗu, garin rogo take sayarwa a kasuwa. Shekara tara tana fama da maƙoƙo, ya girma har ya fara shaƙe ta idan ta kwanta rigingine. Ni na duba ta a kilinik, ni na sa mata rana, ni na shiga da ita tiyata yau ƙarfe tara. Dokta Augustine, babbanmu, yana ɗaya ɗakin da nasa aikin. Ya ce, "Mardiya, kin yi irinsa goma sha biyu, je ki yi abinki." Gaskiya ne, na yi.

Kafin a sa mata allurar barci ta ce, "Dokta, ki yi sauri fa, maƙwabciya na bar wa shago." Muka yi dariya. Na ce kafin azahar tana shan shayi.

Yanzu tana ICU, ɗakin kulawa ta musamman. Na'ura ke mata numfashi.

Laraba, 10 ga Yuli, 6:15 na safe

Ba ta tashi ba.

Laraba, 2:30 na rana

Bari in rubuta shi kamar ina koya wa ɗalibi, ko zan iya kallonsa.

Tsokar da ke kumbura ta zama maƙoƙo, wadda muke kira tairod, tana kwance a gaban maƙogwaro. Jijiyoyin jini huɗu ke ciyar da ita, biyu daga sama, biyu daga ƙasa, dama da hagu. Haka zanen yake a kowane littafi. Kafin ka ciro tsokar sai ka nemo su ka ɗaure, ɗaya bayan ɗaya. Amma ba kowane wuya ya karanta littafin ba. Akwai mutane kaɗan da ke da wata dabam, sunanta ima. Daga babbar jijiyar ƙirji take tasowa, ta haura ta tsakiya, ta gaban maƙogwaro, inda ba a tsammanin kowa.

Dooshima tana da ita. Kaurinta ya kusa na biro. Tana ɓoye ƙarƙashin kumburin, na sa almakashi, ta tsinke, ta zame ta koma bayan ƙashin ƙirji inda yatsana ba ya kaiwa. Jini ya cika wurin kafin in ce a miƙo auduga. Na danna, na danna. Sista Iveren, nas ɗin tiyata, ita ta fita da gudu ta kira Dokta Augustine. Sai da ya tsaga saman ƙashin ƙirjin kafin ya kamo ta da hantsaki. Kafin nan zuciyarta ta tsaya. Minti shida, in ji mai ba da maganin barci. Minti shida ƙwaƙwalwa ba jini.

Wannan shi ne abin da ya faru. Duk gaskiya ne.

Na rubuta rahoton aikin jiya kafin in cire rigar tiyata. Akwai layi ɗaya a ciki. Ba yau zan yi maganarsa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, 7:50 na safe

Mijinta, Iorwuese, manomin doya ne daga Arikya. Dogo, siriri, takalmin roba. Tun ranar Talata yana kan bencin da ke baranda, daidai inda dole in bi. Ya ba da jininsa, ƙanensa ma ya bayar. Da ya hango ni sai ya miƙe ya cire hula.

"Dokta, sannu da aiki. Matata ya buɗe ido?"

"Tukuna, Baba. Muna ƙoƙari."

"Na sani, na sani. An ce kin tsaya a kansa har yamma, ko ruwa ba ki sha ba. Allah ya biya ki."

Na ce amin. Bakina ne ya faɗa.

Alhamis, 4:00 na yamma

Iveren ta gaishe ni tana kallon bango.

Juma'a, 12 ga Yuli, 1:10 na rana

Ina da aiki biyu yau, na roƙi a ba wani. Na ce zazzaɓi. Da safe na ɗauki kofin shayi sai da ya zube a kan zanina. Hannun da nake alfahari da shi.

Na ɗauko tsohon littafina na makaranta daga ƙasan akwati. Shafin wuya duk ya sha jan biro. Wani littafin ya ce mutum biyu ko uku cikin ɗari ke da ita, wani ya ce sun fi haka. Ban damu da lissafinsu ba. Abin da na je nema na same shi a ƙasan shafin, kuma ni na ja masa layi da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce: idan ka nemi ta ƙasa a gefe ɗaya ba ka gan ta ba, ka dakata, jinin yana zuwa ta wani wuri.

Na rufe littafin. Na mayar da shi ƙasan akwati, na ɗora kaya a kai, sai ka ce zai fito.

Asabar, 13 ga Yuli, 6:00 na safe

Ba ta tashi ba. Ya Allah, ko da yatsa ɗaya.

Lahadi, 14 ga Yuli, 3:20 na yamma

Ba ni da aiki yau, amma na hau keke daga unguwarmu, Azuba, na zo. An yi ruwa, hanya duk taɓo. Matan cocinsu sun cika baranda, su wajen goma sha biyar, da anko iri ɗaya. Ba a bar su sun shiga ba, sai suka tsaya jikin taga suna rera waƙa da Tibanci, ƙasa ƙasa. Ban san ma'anar ba. Wata dattijuwa ta ce min Dooshima ce ke ja musu baki a waƙar, shi ya sa suka bar wurin nata babu kowa, su amsa kawai. Sai ka ji shiru, sannan amshi. Shiru, amshi.

Dattijuwar ta danƙa min ledar lemu. "Na likitanmu ne." Na karɓa. Na kai ofis na ajiye a kan tebur. Ba zan iya sha ba, ba zan iya bayarwa ba, ba zan iya zubarwa ba.

Na shiga na duba idon Dooshima da tocila. Ƙwayar tana motsi da haske. Wannan alama ce mai kyau. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa a keke ina komawa.

Litinin, 15 ga Yuli, 11:30 na safe

Dokta Augustine ya kira ni ofishinsa. Kwamitin asibiti zai zauna kan lamarin ranar Talata ta sama, ashirin da uku ga wata.

"Na karanta rahotonki," ya ce. "Ya isa. Halitta ce ta zo a karkace, ko ni ne zai iya faruwa da ni. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, sau biyu na taɓa ganin ima. Ki je ki ci abinci, kin rame."

Na ce, "Yallaɓai, akwai abin da..."

Ya ɗaga hannu. "Mardiya, saurara. Mata nawa ne ke riƙe wuƙa a garin nan? Ke kaɗai ce a wurinmu. Akwai matan da mazajensu ba za su bar namiji ya taɓa su ba, ke suke jira. Kar ki taɓa fayil ɗin nan. Kin ji ni?"

Mutumin kirki ne. Shi ya koya min ɗaurin zare da hannu ɗaya. Ban san ko ya san abin da ya hana ni faɗa ba. Ina jin ya sani.

Talata, 16 ga Yuli, 7:45 na safe

"Dokta, sannu da aiki." Hula a hannu.

Mako ɗaya.

Laraba, 17 ga Yuli, 2:00 na rana

Iveren ta same ni a ɗakin canza kaya. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Shekara huɗu muna aiki tare, na je bikin ƙanwarta a Bukan Sidi, ta zo mana barka da salla. Ba ta taɓa min magana da wannan muryar ba.

"Dokta, ni na miƙa miki zare ranar nan."

"Na sani."

"Na san ko sau nawa na miƙa. Kuma na tambaye ki. Kin tuna na tambaye ki?"

Na ce na tuna.

"To. In kwamiti suka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba, ina da Allah. In ba su tambaya ba, ba zan buɗe baki ba. Saura ke kika sani." Ta buɗe ƙofa, sai ta juyo. "Matar nan 'yar ƙauyen mamana ce. Ba don haka na faɗa ba. Amma ki sani."

Na zauna a ƙasa, kan tayil, har aka ƙwanƙwasa.

Alhamis, 18 ga Yuli, 5:30 na yamma

An huda wa Dooshima maƙogwaro an sa bututu, don na bakin ya daɗe. Dokta Augustine ya yi. Na tsaya a bayansa ina riƙe fitila. Nas ɗin ICU ta ce da aka tsikare ta ta janye ƙafar dama. Ni ban gani ba. Na tsaya minti arba'in ina jira ta sake. Ba ta sake ba.

Asabar, 20 ga Yuli, 10:00 na safe

Uku.

Uku na ɗaure. Na sama biyu, da ta ƙasa ta dama. Na nemi ta ƙasa ta hagu ban gan ta ba. Iveren ta ce, "Dokta, ta huɗun fa?" Na ce ƙarama ce, ta shige cikin wancan ɗaurin. Ban gan ta ba. Ban gan ta ba, na ce na gani. Aikin yana tafiya da kyau, ina so in gama kafin Dokta Augustine ya gama nasa, ya leƙo ya tarar ina ɗinke fata. Iyakar dalilin ke nan. Na juya shi ta kowane gefe ko zan samo wani dalili mai ɗan mutunci, babu.

A rahoto na rubuta an ɗaure duka huɗun.

Ga shi na rubuta. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Kaji suna ta kiwo a tsakar gida.

Lahadi, 21 ga Yuli, 6:30 na yamma

Dada, mahaifiyata, ba ta san komai game da tiyata ba. Nono da fura ta sayar ta biya min makaranta. Tun ranar da abin ya faru take ajiye min kwano tana ɗauke shi yadda yake. Yau ta zauna bakin tabarmata ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa. Na faɗa mata duka, da Fillanci, don da Hausa ya ƙi fita.

Da na gama, sai ta tambaye ni.

"Mijin ya sani?"

"A'a."

"Yana gaishe ki?"

"Kullum, Dada. Har hula yake cirewa."

"Kina amsawa?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Kwana goma sha biyu kina cin gaisuwar bawan Allah. Ina abinci zai samu wurin shiga?"

Ba ta rarrashe ni ba. Na so ta rarrashe ni.

Litinin, 22 ga Yuli, 12:40 na rana

Na faɗa masa.

Na kira shi ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ɗakin magani. Na zana masa wuya a bayan katin asibiti, na ja layi huɗu, na ja na biyar a tsakiya. Na ce matarka ba ta da wannan ta hagun, Allah ya ba ta wannan a madadinta. Na ce rashin ganin ta hagun ya kamata ya tsayar da ni. Na ce an tambaye ni, na ce na gani, alhali ban gani ba.

Ya riƙe katin yana kallo. Hannunsa duk kanta.

"Tsaya, Dokta. In gane. Ba ciwon ne ya yi masa haka ba?"

"Ciwon ya kawo ta. Jijiyar halittarta ce. Amma ni na yanke ban duba ba."

"Da kin tsaya kin nema, da yanzu yana gida?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila."

"Wataƙila." Ya maimaita kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ni kullum ina miki addu'a. Na gaya wa yara akwai wata likita, Bafulatana, ita ta ceci mamanku. Yanzu me zan gaya musu?"

Ya sake kallon katin.

"Me ya sa kika faɗa min? Da kin bar ni."

Na ce ban iya ba.

"Ba ki iya ba. To yanzu kin sauke a kaina." Ya ninke katin ya sa a aljihu, ya mayar da hularsa, ya tafi. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Talata, 23 ga Yuli, 4:15 na yamma

Ban goge layin ba. Na rubuta gyara a ƙarƙashinsa, na sa kwanan watan yau, na sa hannu, kafin a shiga zaman kwamiti. Mutum biyar a tebur. Na karanta musu da bakina. Iveren tana zaune a baya, ba a ma tambaye ta ba. Dokta Augustine bai kalle ni ba har aka tashi.

Wata shida ba zan yi aiki ni kaɗai ba, sai da babba a kaina. Takardar gargaɗi kan rahoton. Za su tura maganar gaba, abin da za a yanke can ban sani ba. Wata a cikinsu ta ce, "Kin yi ƙoƙari da kika faɗa."

A waje Dokta Augustine ya ce, "Kin ji daɗi yanzu?" Na ce a'a, yallaɓai. Ya ce, "Gobe ƙarfe takwas, akwai aikin ƙaba. Za ki riƙe min." Ya wuce.

Na ɗauka idan na faɗa zan ji nauyi ya ragu. Dooshima tana nan kwance yadda take jiya.

Laraba, 24 ga Yuli, 7:40 na safe

Yana kan benci. Na gaishe shi. Ya kalli takalminsa.

Juma'a, 26 ga Yuli, 9:05 na safe

Ta buɗe ido. Ta buɗe ido. Ta bi tocila da kallo, dama, hagu. Na ce, "Dooshima, matse hannuna," ta matse da na dama. Na fita baranda da gudu, kunya ta manta da ni. "Baba, zo!" Ya shige ni kamar ba na wurin. Na tsaya daga bakin ƙofa ina jin yana kiran sunanta yana magana da Tibanci, muryarsa tana karyewa.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar tara ga wata. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, 29 ga Yuli, 3:00 na yamma

An cire ta daga na'ura, da kanta take numfashi. Hannun hagu ba ya ɗaguwa, ƙafar tana ja. Mai gashin ƙashi ya ce yana iya dawowa, ko rabi. Tana gane mijinta. Da aka kawo babbar 'yarta, Seember, ta kalle ta da murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Yarinyar ta fita tana share ido da gefen riga.

Ina ta gaya wa kaina da sauran lokaci. Ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa a hankali. Na sha faɗa wa dangin marasa lafiya haka. Ban taɓa sanin yadda maganar ba ta da nauyi ba.

Alhamis, 1 ga Agusta, 1:30 na rana

An cire bututun wuya. Murya tana fita, raɗa raɗa. Ta ce tana jin ƙishi. Ta ce ɗakin da sanyi. Ni ba ta san ni ba. Ta ce min, "Sannu, 'yar uwa."

Iveren ta kawo min shinkafa a kula ta ajiye. Na ci rabi.

Talata, 6 ga Agusta, 11:20 na safe

An sallame su yau. Iorwuese ya ce ba zai iya ƙara barin gona ba, ciyawa ta cinye doya, yara su kaɗai. Zai riƙa kawo ta gashi duk mako biyu. Ni aka ba takardar sallama in kai. Na yi masa bayanin magungunan, ƙwayar da za ta sha kullum da safe har ƙarshen ranta tunda an cire tsokar. Ya saurara, ya sa na maimaita, ya maimaita min. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi da ni tun ranar mangwaro.

Na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Ba yanzu ba, Dokta. Ban ce har abada ba. Ba yanzu ba."

An zaunar da ita a keken guragu, an ɗaura mata sabon zani. Tana ta kallon ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta ɗaga kai. Can ta jawo rigar mijinta da hannun daman, ta yi masa raɗa da Hausa, wataƙila don ta ga ni a wurin.

"Mama bai zo ba? Na yi ciwo haka, bai zo ya gan ni ba?"

Mahaifiyarta ta rasu shekara shida da suka wuce. Ni na rubuta a fayil ranar da na fara ganinta a kilinik, ita ta faɗa min da bakinta.

Iorwuese ya durƙusa ya gyara mata ƙafar hagun a kan mataki. Ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya ɗago, ni ya kalla, ba ita ba.

"Yana gona," ya ce mata. "Ruwa ya hana shi. Mu je gida."

Ya karɓi takardar daga hannuna, ya tura keken da kansa.